Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Masarautar Haɗeja

 

Tun da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, ƙarƙashin Malam Abubakar Imam, sha'irai suka riƙa aika mata da ƙasidu, wasunsu kuwa, ko don tawali'u irin na almajirai, ko don tsoron fushin En'e da Turawan mulki, suka sakaya sunayensu da laƙabi, har aka haddace baitocin aka manta masu su. Ƙasar da ta haifi Malam Mu'azu Haɗeja, mai waƙoƙin wa'azi kan giya da karuwanci da neman ilimi, ita ta fi cancanta ta ɗauki amanar gano sunayen waɗannan sha'irai.

Ina roƙon majalisa ta naɗa malamai su bi tsoffin jaridun da ke Gidan Arewa a Kaduna, su tambayi dattawan Auyo da Guri da Kirikasamma, su tattara takardun ajami kafin ambaliya da gara su cinye su, domin mayar da haƙƙi ga mai shi wajibi ne a shari'a.

Wassalam.

Daga wani almajiri, Haɗeja.