A Saurari Ɗalibi Tun Bai Ɗauki Dutse Ba

Jama'a masu karatu, duk wanda ya bi Hanyar Bama a nan Maiduguri da safe zai ga samari da 'yan mata suna tururuwa zuwa ƙofar jami'a, kowa da jakarsa, masu gadi suna duba katin shaida. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa sunan makarantar tasu yana cikin littattafan shari'a na ƙasar nan, har ma da wuya a yaye lauya a Nijeriya bai karanta shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ba. Ni kaina ba a haife ni ba lokacin da abin ya faru, sai da aiki ya kai ni ga karanta hukuncin. A kansa nake so mu yi nazari a wannan mako, domin tambayar da ya amsa tana nan da ranta: yaya hukuma za ta tsare doka da oda a jami'a ba tare da ta toshe bakin ɗalibai ba?

Ran Laraba 2 ga Fabrairu, 1983, zanga-zangar ɗalibai ta rikiɗe ta zama tarzoma a Jami'ar Maiduguri. An lalata dukiya, an sa wuta, an kwashi kaya, an kuma taɓa lafiyar mutane. A lokacin Farfesa Jibril Aminu ne shugaban jami'ar. Hukuma ta kafa kwamitin bincike, ta ɗora Mataimakin Shugaban Jami'a a kan kujerar shugabancinsa, alhali kuwa shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Da kwamiti ya gama aikinsa, sai aka kori waɗansu ɗalibai. Tara daga cikinsu suka garzaya Babbar Kotu, suka yi nasara. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, aka soke wancan hukunci. Ɗaliban, da lauyansu Gani Fawehinmi, suka wuce Kotun Ƙoli a Legas.

Ran Jumma'a 14 ga Fabrairu, 1986, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, Mai Shari'a Andrews Obaseki ne ya karanta babban hukuncin. Kotu ta soke korar bisa dalilai masu sauƙin fahimta. Laifuffukan da aka jingina wa ɗaliban, wato ƙone-ƙone da sata da duka, manyan laifuffuka ne a ƙarƙashin dokar Final Kot, kotu ce kaɗai ke da ikon tabbatar da su a kan mutum. Sa'an nan wanda aka yi wa ɓarna ba ya zama alƙalin wanda ake tuhuma da ɓarnar. Har ila yau ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba, kamar yadda sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya tanada. Wannan haƙƙi shi ne yanzu ke sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999.

A lura da kyau, kotu ba ta ce ba a yi ɓarna ba, ba ta kuma wanke kowa daga laifi ba. Hanyar da aka bi ce ta ƙi. To, a nan ne darasin yake. In ɗaliban nan ba su da hannu, an cinye musu shekara uku na ƙuruciyarsu a tsakanin kotuna ba gaira ba dalili. In kuwa akwai mai hannu a cikinsu, gaggawar hukuma ce ta jawo hukuncin da aka yi masa ya rushe. Ta kowace fuska aka duba, jami'a ba ta ci ribar gajerar hanyar da ta bi ba. Hausawa sun ce ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, ashe dokar ƙasa ma haka ta ce.

Na san abin da shugabannin makarantu za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Za su ce shari'a a kotunanmu tafiyar hawainiya take yi, shin shugaban jami'a zai zuba ido wanda aka gani da galan na fetur ya ci gaba da kwana a ɗakin kwanan ɗalibai har sai alƙali ya gama shari'a bayan shekara biyar? Ita ma wannan tambaya Kotun Ƙoli ta amsa ta daga baya. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, kotu ta yarda cewa jami'a tana da ikon dakatar da ɗalibi domin kiyaye zaman lafiya kafin a gama bincike. Ke nan hannun hukuma ba a ɗaure yake ba. Tana iya raba wanda ake zargi da harabar makaranta, ta miƙa shi ga 'yan sanda in babban laifi ne, ta kuma hukunta saɓa wa ƙa'idodin makaranta da kanta, muddin ta gaya wa yaro abin da ake tuhumarsa da shi, ta saurare shi, ta kuma zaunar da mutanen da ba su da wata ƙullalliya a zuci.

Amma fa duk wannan magana ce ta bayan wuta ta ci. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa kafin a kai ga dutse da ashana, domin ruwa ba ya tsami banza. Mu waiwayi tarihi. Ran 1 ga Fabrairu, 1971, 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, a wata zanga-zanga da ta samo asali daga koke kan abinci a ɗakin kwanan ɗalibai. A watan Afrilu na 1978, lokacin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta nemi a janye, gwamnati ta ƙi. Daga nan aka shiga rikicin da ake kira "Ali Must Go", da sunan Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Legas, sojoji suka buɗe wuta a Samaru ta Zariya aka rasa rayuka. Gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗaliban, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya kuma suka rasa kujerunsu.

Shekara takwas bayan haka, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da 'yan'uwansu na 1978. Hukuma ta hukunta shugabanninsu, ɗalibai suka fusata, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ran Jumma'a 23 ga Mayu, 1986, aka sake zubar da jini a Samaru. Gwamnati ta amsa cewa mutum huɗu sun mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka. Wannan ya faru ne wata uku kacal bayan hukuncin shari'ar Garba. Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da tasu ranar baƙin ciki, 9 ga Fabrairu, 1990, lokacin da aka harbe ɗalibai uku a kan Gadar Kennedy a Yamai, abin da ya gaggauta faɗuwar mulkin jam'iyya ɗaya a ƙasar. Ko a Amurka, dakarun jihar Ohio sun kashe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent ran 4 ga Mayu, 1970.

Duk wanda ya jera waɗannan abubuwa zai ga hanya guda suke bi. Koke ne yake fara zuwa, sau da yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar abinci ko ruwa ko ƙarin kuɗi. Sai a yi kunnen uwar shegu da shi. Sai a kori waɗanda suka kawo koken, da sunan su ne masu tunzura jama'a. To, ranar da taro ya fito fili, babu sauran wanda hukuma za ta kira ofis ta yi magana da shi, babu kuma wanda taron zai ji maganarsa in ya ce a koma ɗaki. Sai a kira masu bindiga. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 47, wadda ta ba hukuma ikon rushe ƙungiyoyin ɗalibai. A ganina wannan magani ne da ya fi cutar illa, domin ƙungiyar da aka zaɓa da rana tsaka tana da ofis, tana da sunaye, ana iya kama ta da alkawari. In aka rushe ta, fushin bai tafi ko'ina ba, sai dai ya koma hannun waɗanda ke taro da dare.

Sai dai kuma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. 'Yan'uwana ɗalibai, Tsarin Mulki ya ba ku 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da 'yancin taro cikin lumana a sashe na 40. A 2007 ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba dole ne ɗan ƙasa ya nemi izinin 'yan sanda kafin ya yi taron lumana ba. Amma sashe na 45 ya ba doka damar taƙaita waɗannan haƙƙoƙi domin tsaron jama'a da kare haƙƙin waɗansu. Babu inda aka rubuta 'yancin ƙona motar malami, ko fasa kantin mai shayi a bakin ƙofa, ko kutsawa ɗakin kwanan mata, ko fito da wanda ya zaɓi zama a aji da bulala. Wanda ya ƙi bin ku shi ma ra'ayinsa yake faɗi. Ranar da aka sa wa ɗakin karatu wuta, ƙannenku ne za su zo su tarar da toka, kuma daga wannan rana babu mai sake tambayar abin da ya fito da ku tun farko. Jaridu ma hoton hayaƙin za su buga, koken ya bi ruwa.

Mu a Maiduguri muna da wani dalili na musamman da ya sa ba za mu ɗauki maganar tsaro da wasa ba. A watan Yuli na 2011 an rufe jami'ar nan saboda hare-haren Boko Haram. Ran 16 ga Janairu, 2017, aka tayar da bam a masallacin da ke cikin jami'ar da asuba, Farfesa Aliyu Mani na cikin waɗanda suka rasu. A wannan shekara ce aka haƙa rami a gefen jami'ar don tare masu kutse. Wanda ya ga waɗannan ya san cewa duk inda jama'a suka cunkushe a garin nan, akwai mai mugun nufi da zai so ya shiga tsakiyarsu. Saboda haka in hukumar makaranta ta ce a yi taro a cikin harabar, a filin da aka sani, da rana, kowa da katinsa, ba ta zalunci kowa ba. Inda zalunci yake shi ne a fake da tsaro a hana taron ɗungurungum, ko a kira duk mai ƙorafin rashin ruwa ɗan ta'adda. Tsara wuri da lokaci aikin hukuma ne. Abin da ɗalibi zai faɗa a wurin kuwa nasa ne.

Ba a rasa abin ƙorafi a zamanin nan ba. A 2023 jami'o'in Gwamnatin Tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, a daidai shekarar da aka janye tallafin man fetur. A watan Satumba na 2024 ambaliyar madatsar Alau ta cinye gidaje da dukiyar iyaye masu yawa a garin nan. Uban da ke neman abin sa wa a tukunya shi ne kuma ake jira ya biya kuɗin makaranta. Yaron da ya ga haka dole ya yi magana, kuma gara ya yi ta a zauren taro.

Don haka ga shawarata ga hukumomin manyan makarantunmu. A bar ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da kansu, kada a naɗa musu 'yan amshin shata. Kafin a ƙara ko sisin kwabo, a zauna da su a buɗe musu lissafi, su ga abin da wutar lantarki da man janareto ke ci. Shugaban jami'a ya sa ranar da zai zauna da ɗalibai a kowane zango, ya ji da kunnensa, kada ya dogara ga rahoton masu kai gulma. A keɓe fili da aka san na taro ne. In har ta kai ga kiran 'yan sanda, to, kada harsashi mai rai ya ƙetare ƙofar makaranta, domin babu gilashin taga da ya kai ran ɗan mutum. A kuma daina al'adar nan ta rufe makaranta a ba kowa awa kaɗan ya kwashe kayansa, sa'an nan a raba kuɗin ɓarna a kan kowane ɗalibi. Yarinyar da ta fito daga Biu ko Gwoza, tana ɗakinta tana karatu lokacin da ake jifa, da wane laifi za a tura ta kan hanya da yamma, a kuma ci ubanta tara?

Farfesa Jibril Aminu ya riga mu gidan gaskiya a watan Yuni na 2025, Allah ya jiƙansa. Shi ne Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i a 1978, shi ne shugaban jami'ar nan a 1983, shi ne kuma Ministan Ilmi a 1986. Mutum ne da ba a shakkar ilminsa, Maiduguri kuma ba za ta manta da aikin da ya yi wa jami'arta ba. Duk da haka kotu ta gaya wa jami'ar da ya shugabanta cewa ta yi kuskure, hukuncin kuma ya zauna. Wannan bai rage wa jami'ar daraja ba. Ɗaliban sashen shari'a suna karanta hukuncin a cikin harabar da abin ya faru. Da ma kowane sabon shugaban makaranta, da kowane sabon shugaban ɗalibai, za a ba shi kwafinsa ranar da ya kama aiki.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba yaranmu haƙuri da basira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.