Ƙaramin akwatin jita da giɓin da ke cikin manufar "Najeriya Farko"

Duk wanda ya taɓa zama a taron da aka haɗa lasifika ya san ƙugin nan mai kama da na ƙudan zuma da ke fita kafin mai jawabi ya buɗe baki. A ƙananan sitidiyon ɗaukar waƙa na garuruwa irin Kontagora, ƙugin yakan shiga cikin abin da aka ɗauka, aikin yini guda ya lalace, man janareta ya ƙone a banza. Wasu masu gyara kan yanke wayar ƙasa ta fulogi domin a samu shiru, alhali ita ce ke kare makaɗi daga jan lantarki idan na'ura ta samu matsala. Sau da yawa maganin gaskiya akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, wanda masu sana'ar ke kira DI.

Aikinsa bai da wuyar fahimta. Jita mai lantarki tana fitar da sigina marar ƙarfi, kuma tana son mashiga mai turjiya kamar om miliyan ɗaya, irin ta amfilifayarta. Mashigar makirfo a jikin mikisa kuwa turjiyarta ba ta wuce 'yan dubbai ba, shi ya sa idan aka cusa jita kai tsaye sautin ke dusashewa. A cikin akwatin akwai ƙaramar taransifoma mai naɗi 12 a kan 1, wadda ke ninka turjiya sau 144, sai om 1,500 na mikisa su zame wa jita sama da om 200,000. Siginar tana fita ta waya mai igiya uku da ke kashe hayaniya ko da an ja ta da nisa, sannan akwai maɓalli ɗaya da ke raba wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu ba tare da an taɓa fulogi ba. Wannan nau'in ba ya cin wuta ko batir.

Ɗan uwansa yana yin aikin ne a juye. Makaɗi ya kaɗa sau ɗaya, a ɗauki sautin tsurarsa a kwamfuta, daga baya a mayar da shi cikin amfilifaya ta wata taransifomar da abin rage ƙarfi, a sake ɗauka da makirfo har sai an samu sautin da ake so. A Kontagora amfanin wannan ya wuce na ƙawata sauti. Jihar da ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru ta san ɗaukewar wuta kamar kowace jiha, kuma mai sitidiyo da ya ɗauki kiɗa da batirin kwamfutarsa zai iya jiran wuta ta dawo ya ƙarasa aiki, ba sai ya sake biyan makaɗi ba.

Abin lura shi ne duka na'urorin biyu a teburin mai gyara aka haife su. Ed Wolfrum ya haɗa nasa akwatin DI a Detroit ta Amurka cikin shekarun 1960, sitidiyon birnin suka karɓe shi. John Cuniberti ya ƙera akwatin mayar da sauti a farkon shekarun 1990 domin buƙatar aikinsa, kuma a 2011 kamfanin Radial na Kanada ya sayi sunan Reamp daga hannunsa.

To me zai hana masu gyaran rediyo da masu naɗin koyil na Kontagora yin haka? Gwangwanin ƙarfe da soket da maɓalli duk ana samunsu, hannun iya aikin ma akwai. Inda gizo ke saƙar ita ce taransifomar. Wanda ya saba naɗa ta sitabilaiza yana aiki ne da wuta mai bugu 50 a daƙiƙa, ta sauti kuwa dole ta ɗauki daga bugu 20 zuwa 20,000 ba tare da ta murguɗa shi ba. Hakan na buƙatar ƙarfe mai haɗin nikel da siririyar waya da garkuwar maganaɗisu, sai kuma na'urar awo da za ta nuna ko an dace. Daga waje ake shigo da irin wannan ƙarfe, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda farashin kayan waje ya koma.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikatan da ke rubuta takardun manufa a Abuja. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na Fabrairun 2018 da manufar "Najeriya Farko" ta Mayun 2025 duk sun mai da hankali kan fifita kayan gida wajen sayayyar gwamnati. Amma ba a fifita abin da ba a ƙera ba, kuma ƙerawar na tsayawa ne a kan ƙananan sassa da ba wanda ke yanka kintinkiri dominsu.

Za a ce akwatin da aka shigo da shi daga Sin ya fi arha, kuma wannan gaskiya ne. Na gida ba zai kayar da shi a farashi nan kusa ba. Za a kuma ce masu jita nawa ne a Kontagora, tun da fiyano ne ke jan ragamar waƙoƙin Hausa na zamani. Sai dai fiyanon ma ta wannan akwati ake haɗa shi da mikisa, haka jitar mawaƙan coci, haka gurmi ko garaya da aka maƙala wa abin ɗaukar sauti. Ɗalibin da ya haɗa shi ya kuma auna shi ya koyi turjiya da naɗi da wayar ƙasa a aiki ɗaya, ilimin da zai bi shi har wajen gyaran inbata.

Abin da ake buƙata bai kai girman kwangila ba. Hukumar NBTE da ke Kaduna za ta iya sanya wannan aiki cikin manhajar lantarki ta kwalejojin fasaha. NASENI, wadda aka kafa a 1992 domin irin wannan, za ta iya sayo ƙarfen a dunƙule ta yanka shi ta sayar wa masu naɗi. Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Kontagora kuwa a tabbatar tana da na'urar awon sigina mai aiki, tare da ranar da masu gyaran cikin gari za su kawo abin da suka naɗa a auna musu.