Gidan naka ne, iskar ta hukuma ce

Mai karatu, wa ke da gidan radiyo: wanda ya zuba dukiyarsa ya gina, ko kuwa wanda ke sa hannu a takardar izini? Tarihin ABS-CBN, kamfanin radiyo da telebijin na ƙasar Filipin, ya amsa wannan tambaya har sau biyu.

Wani injiniya Ba'amurke, James Lindenberg, shi ya kafa tushen kamfanin a 1946. A 1952 Antonio Quirino, ƙanen shugaban ƙasa na lokacin, ya sayi mafi yawan hannun jari, ya raɗa masa suna ABS, kuma a watan Oktoba na 1953 ya buɗe telebijin ta farko a ƙasar. A 1957 iyalin Lopez, attajiran rake daga Iloilo, suka saye ta suka haɗa da nasu gidan radiyo, CBN. Eugenio Lopez na riƙe da jarida da kamfanin wutar lantarki na Manila, ƙanensa Fernando kuwa ya zama mataimakin shugaba Marcos a 1965. Ke nan tun daga farko kuɗi da mulki a akushi ɗaya suke ci.

Da zumunci ya ɓaci, sai Marcos ya kafa dokar soja a watan Satumba na 1972. Sojoji suka rufe tashar, aka ɗaure Geny, ɗan Eugenio, kayan aiki kuma suka faɗa hannun Roberto Benedicto, aminin shugaba. Tsohon ya saki kamfanin lantarki da fatan a sako ɗansa, amma ya rasu a Amurka a 1975 ɗan na tsare, sai a 1977 ya tsere. Da jama'a suka kori Marcos a 1986 ne gidan ya komo ga masu shi.

Rufewa ta biyu ba a buƙaci bindiga ba. A Filipin majalisar dokoki ce ke ba da izinin watsa shiri, kuma na shekara 25 da aka ba kamfanin a 1995 ya ƙare a watan Mayu na 2020. Shugaba Duterte ya daɗe yana zargin tashar da ƙin sa tallar zaɓensa ta 2016 bayan ya biya. Ran 5 ga Mayu aka umarce ta ta yi shiru, ran 10 ga Yuli kuma kwamitin majalisa ya ƙi sabunta izinin da ƙuri'a 70, 11 kawai suka goyi bayanta. Dubban ma'aikata suka rasa abinci ana tsakiyar annobar korona. A 2022 aka miƙa zangon tashar ga kamfanin attajiri Manuel Villar, wanda ɗansa ya yi minista a gwamnatin Duterte. ABS-CBN ta koma shirya finafinai da labarai tana sa su a intanet da tashoshin wasu, har da na kishiyarta GMA.

Ba mu ce iyalin Lopez waliyyai ne ba. Sun ci moriyar siyasa kafin ta cinye su. Amma duk ɗan kasuwa ya san haja tasa ce, rumfa ta hukuma, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Muddin izinin magana na hannun waɗanda ake magana a kansu, mai gidan radiyo ɗan haya ne, kuma ranar da aka tashe shi, mai saurare ke kwana a duhu.