Kwamfutar Apple A Gidan Gem: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

Wanda duk ya san Shadawanka a birnin Bauci ya san ta da abu biyu, watau barikin Birged ta 33 ta sojan igwa, da kuma kasuwar mami inda soja da farar hula su ke cuɗanya da yamma. Amma akwai abu na uku da manya ba su cika lura da shi ba. Da zarar an taso daga makaranta, rana ta yi sanyi, yaran bariki da na unguwannin kewaye, kamar takwarorinsu na Yelwa da Gwallameji, sai su nufi gidan gem. Ɗaki ne ƙarami, da benci biyu ko uku, da telebijin a jikin bango, da janareta yana ta gurnani a ƙofa. Yara biyu su riƙi hannu, kowa ya zaɓi kulob ɗinsa, a buga ƙwallo na minti goma, wanda aka ci ya biya ya tashi. Da waɗannan 'yan canjin ne mai ɗakin ya ke sayen fetur, ya biya haya, ya kai cefane gida. Ga yaro wasa ne, ga mai ɗaki kuwa sana'a ce.

To, a ɗauki misali. Tsohon saje ne ya ajiye kaki, aka biya shi garatuti, ga ɗansa ya gama karatu yana zaune babu aiki. Suka yanke shawarar kama shago. Da safe yaron ya riƙa tace bidiyon biki da tsara katin ɗaurin aure, da yamma kuma yara su zo su buga gem. Domin a rage kashe kuɗi sai aka ce a sayi kwamfutar kan tebur guda ɗaya mai ƙarfi wadda za ta ɗauki ayyukan biyu. Wani aboki ya ce ai in dai ƙarfi a ke nema babu kamar ta kamfanin Apple, watau iMac ko Mac mini, ga kyan gani, ga ƙarko, ga suna. Tambayar ita ce, shin wannan shawara ta yi?

Amsa a taƙaice ita ce ta yi rabi. Wajen tace hoto da bidiyo, kwamfutar Apple gwana ce, ba a gardama. Wajen gem ɗin da yaran Shadawanka za su ciro kuɗi su biya kuwa, ba za ta tsinana kome ba. Wasan ƙwallon nan da kowa ya ke kira FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, ana yinsa ne domin PlayStation da Xbox da Nintendo da kwamfuta mai Windows, babu na Mac. Haka eFootball na kamfanin Konami, wanda aka sani da PES a da. Haka GTA V, da Warzone, da sababbin Mortal Kombat. Fortnite kuwa na Mac ya tsaya cik tun 2020, lokacin da rigima ta ɓarke tsakanin Apple da kamfanin Epic. Watau dai duk wasannin da ke cika benci a gidan gem, ba ɗaya da zai hau wannan inji kai tsaye.

Mai karatu zai ce yaya inji mai tsada haka zai kāsa abin da tsohuwar PlayStation 4 ta ke yi? Ba rauni ne ya hana shi ba. Ƙwaƙwalwar da Apple ya ke sa wa injinansa tun 2020, daga M1 zuwa ƙannenta, tana da ƙarfin gaske. Abin da ya kamata a gane shi ne, gem ba ya hawa inji don ƙarfin injin kaɗai, sai an rubuta shi da harshen da injin ya ke ji. Harshen da Windows ya ke zana hoto da shi sunansa DirectX, na Apple kuma Metal. Kamfanin da ya ƙera gem domin Windows, in yana son ya shiga Mac, tilas ya sa ma'aikata su sake aiki, su gwada, su kuma ci gaba da gyara shekara da shekaru. Wannan kuɗi ne, ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba kuɗi sai ya ƙirga masu saye.

Ƙidayar kuwa ba ta goyi bayan Apple ba. Steam ita ce babbar kasuwar sayar da gem na kwamfuta a duniya, kuma a lissafin da ta kan fitar kowane wata masu Mac ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, alhali masu Windows sun haura kashi 90. Da kamfanin Valve, mai wannan kasuwa, ya fitar da Counter-Strike 2 a 2023, sai ya daina yin na Mac, ya ce masu Mac da masu tsofaffin injina, in an haɗa su duka, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu buga wasan ba. Abin ya zama zagaye: masu gem ba su sayen Mac don babu wasanni, masu ƙera wasanni ba su yin na Mac don babu masu saye.

Ruwa ba ya tsami banza, shi ma Apple yana da nasa alhakin. A 1999 shugabansa na lokacin, Steve Jobs, ya gabatar da wasan Halo gaban taro a matsayin abin alfahari ga masu Mac. Shekara ta zagayo, Microsoft ya saye kamfanin da ke ƙera wasan, a 2001 kuma Halo ya fito a kan Xbox, ya zama ginshiƙin cinikinta. A 2006 Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel, irin ta sauran kwamfutoci, ya kuma fito da Boot Camp, wadda ta ba mai Mac damar ɗora Windows a gefe ya buga abin da ya ga dama. A 2010 Steam ta shigo Mac, jama'a suka zaci an rabu da bukar. Ashe da sauran rina a kaba. A 2019 babbar manhajar Catalina ta daina karɓar duk abin da aka rubuta a tsohon tsarin bit 32, wasanni masu ɗimbin yawa da mutane suka saya da kuɗinsu suka daina buɗewa. A 2020 kuma, da Apple ya bar Intel ya koma ƙwaƙwalwar kansa, Boot Camp ta tafi. Kamfanin da ke sauya harsashin gini duk bayan 'yan shekaru, dole magina su yi ɗari-ɗari da shi.

Gaskiya dai, Apple ya farga. A 2022 Resident Evil Village ya shigo Mac. A 2023 kamfanin ya ba masu ƙera wasanni kayan aikin da zai sauƙaƙa musu juyo da na Windows, ya kuma sa wa manhajarsa wani tsari da ke ba gem fifiko in ana bugawa. Death Stranding ya biyo baya a 2024. A watan Maris na 2025 Assassin's Creed Shadows ya fito a Mac rana ɗaya da sauran injina, abin da ba a saba gani ba, a watan Yuli kuma Cyberpunk 2077 ya iso, ko da ya ke sai da ya shekara huɗu da rabi a hannun masu Windows tukuna. Akwai kuma waɗanda suka daɗe a Mac, irin su Football Manager da Minecraft da Roblox da The Sims 4. Ɗalibin da ke da Mac domin karatunsa ba zai rasa abin ɗebe kewa ba. Amma fa galibin waɗannan wasanni ne na mutum ɗaya, mai zama awa uku yana bin labari. Ba su ne yara biyu za su fafata a kai cikin minti goma, a ci ɗaya ya tashi wani ya zauna ba. Ci gaban da aka samu na gaske ne, sai dai bai biyo ta ƙofar gidan gem ba.

A nan ne mai sayarwa ya kan ce kada a damu, akwai dabara. Lalle akwai manhajoji irin su CrossOver da Parallels, waɗanda ke aikin tafinta tsakanin gem ɗin Windows da injin Apple, kuma wasu wasannin su kan tashi ta wannan hanya. Amma manyan wasannin gasa suna zuwa da mai gadin maguɗi, watau wata manhaja da ke shiga can cikin Windows don ta kama masu cuta, ita kuwa ba ta yarda da tafinta. Wasan ƙwallon EA yana da irin wannan mai gadi tun FIFA 23. Wata dabarar ita ce a buga gem ɗin a wata babbar kwamfuta a ƙasar waje, hoton kawai ya riƙa zuwa ta intanet. Wannan sai mai layin da ba ya yankewa ko na daƙiƙa ɗaya, ga kuma kuɗin data da Hukumar Sadarwa ta yarda a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Sana'ar da ta dogara ga dabara, ranar da dabarar ta ƙi, yara sun koma ɗakin maƙwabci.

Saura tsohuwar iMac ta tokumbo, wadda a kan kawo daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, mai farin allo da jikin azurfa, da farashin da ba ya tsorata mutum. Abin mamaki, ita da ke da ƙwaƙwalwar Intel tana iya ɗaukar Windows, abin da sabuwa ba ta iyawa. Sai dai araha ba ta ado. Katin hoton da ke cikin yawancinsu ya tsufa ga wasannin yau, kuma ba a iya cire shi a sa wani. Windows 10 da Boot Camp ta ke ɗorawa, Microsoft ya rufe kula da shi na yau da kullum ran 14 ga Oktoba, 2025. Apple kuma ya sanar a 2025 cewa manhajar Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta hau injin Intel. Wanda ya sa garatuti a nan, ya sayi dokin da masu shi suka riga suka sauke wa sirdi.

Har wa yau akwai batun gyara. Kwamfuta mai Windows haɗe-haɗe ce. In katin hoto ya gaza, yaron da ke gyara a Wunti zai cire ya sa wani, in ma'ajiya ta yi kaɗan a ƙara, in an sami kuɗi baɗi a ɗaukaka ta. Sabuwar Mac kuwa yadda aka saye ta haka za ta tsufa, domin ma'ajiyar aikinta a manne ta ke da ƙwaƙwalwa, ba ta kuma karɓar katin hoto na daban, ko da a ce Mac Pro ce mafi tsada.

Amma kada a yi mata rashin adalci, tana da wata baiwa da ta dace da ƙasar nan, watau ƙarancin cin wuta. Mac mini mafi araha ta 2024 ba ta wuce wat 65 ko da tana aiki iyakar ƙarfinta, alhali babban katin hoto shi kaɗai ya kan ci wat 300 ko fiye. Wanda ya tuna duhun da ya lulluɓe jihohin Arewa, har da Bauci, na kwana da kwanaki a watan Oktoba na 2024, ya kuma tuna yadda fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, ya san darajar injin da ƙaramin faranti na sola da batir za su riƙe. Ga mai tace bidiyon biki wannan riba ce ta kullum. Ga mai gidan gem kuwa, tsimin wuta ba shi da amfani in benci babu kowa.

A duba kuɗin kuma. Mac mini mafi araha ta fito a kan dala 599 a ƙarshen 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,600. Watau kusan naira miliyan ɗaya ke nan, ba a sa kuɗin dako da kwastan ba, ba a sayi allo ba, ba a sayi hannu ko ɗaya ba. Wannan kuɗi zai ɗauki tsohuwar PlayStation 4 fiye da ɗaya har da telebijin, kowace kuma tana kawo nata cinikin a lokaci guda. Inji ɗaya kuwa, kome ƙarfinsa, wasa ɗaya za a buga a kansa, kuma duk sa'ad da amarya ta matsa a gama mata bidiyo, yara sai su jira. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sabo da haka tsohon saje da ɗansa, da duk wanda ke cikin irin halinsu, ya kamata su fara da rubuta sunayen wasanni biyar da yaran unguwa su ke biya su buga, kana su nemi injin da aka yi wasannin dominsa. In tace hoto ne babban aikin shagon, a sayi Mac da zuciya ɗaya, a bar gem sai an sami halin sayen PlayStation. In gem ne babba, a sayi PlayStation, a nemi matsakaiciyar kwamfuta mai Windows ta riƙe aikin kati. In kuwa mai sayarwa ya rantse cewa wasan zai hau, to, a ce ya ɗora shi nan take, a buga wasa ɗaya cikakke da hannu biyu gaban idon mai saye kafin kuɗi ya bar aljihu. Su ma masu sayarwa su ji tsoron Allah, su faɗi aibin haja kamar yadda su ke faɗin kyanta, domin kuɗin da tsoho ya yi shekara talatin yana fareti kafin ya same shi ba na gwaji ba ne.

Mai yiwuwa wata rana kamfanonin ƙwallo su waiwayi Mac, tun da ƙarfin injin ya isa. Ranar ba ta zo ba tukuna, haya kuwa ba ta jiran alkawari. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Allah ya sa a tambaya kafin a saya.