Kafaɗar yaro ba ta babba ba ce: magana ga iyayen gidan dambe da iyayen yara

Jama'a, akwai abin da ke ƙaruwa a lungunanmu, daga nan Ƙofar Galadima har Tudun Wada da Sabon Gari. Tunda bidiyon dambe ya cika Facebook da TikTok, yara 'yan shekara goma zuwa sha huɗu sun koma ɗaure hannu da tsumma suna dukan buhun yashi safe da yamma. Ni ba na ƙin dambe. Gadonmu ne, shi ya fitar da irin su Shago da Ɗan Anace ya wasa. Abin da nake ƙi shi ne yadda ba wanda ke lissafa wa yaro duka nawa ya kai a rana, kuma ba wanda ke ce masa ya huta.

Ƙashin yaro bai gama haɗuwa ba. A saman ƙashin dantse, dab da kafaɗa, akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ga namiji ba ya rufewa sai wajen shekara 18. Wurin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Idan aka riƙa wurga hannu ɗaya da ƙarfi kullum ba hutu, wurin kan fara buɗewa a hankali. Ba faɗuwa, ba karaya, sai dai yaro ya ce kafaɗa na masa ciwo, mu kuma mu ce ai tsamin jiki ne.

Inda aka fi nazarin wannan ciwo shi ne wasan besbol na Amurka, wanda ɗan wasa ɗaya ke ta jifa da ƙwallo wani yana bugewa da gora. Ciwon ya yi yawa a yaransu har likitoci suka laƙaba masa sunan gasar yaran, wato Little League. A 2007 hukumar gasar ta kafa dokar ƙirga jifa: ɗan shekara 9 ko 10 ba zai wuce 75 a rana ba, ɗan 11 ko 12 ba zai wuce 85 ba, daga baya kuma aka ce wanda ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. A Japan ma, bayan wani ɗalibi mai suna Kosei Yoshida ya yi jifa 881 a gasar makarantun sakandare ta Koshiyen a 2018, muhawara ta yi zafi, daga baya aka ƙayyade jifa 500 a mako. Ba lalaci ya sa suka yi haka ba. Sun ga yara masu baiwa suna ƙarewa tun kafin a san su.

To dubi damben namu. Hannu ɗaya ne mashi, ɗayan garkuwa. Duk aikin yana kan kafaɗa guda, ga nauyin kara da aka naɗa, ga dukan da ake ɗebo shi tun daga baya. Sannan yaron nan shi ne zai ja guga a rijiya, shi zai tura kurar ruwa, da hannun dai. A da dambe yana da lokacinsa, bayan an kawar da amfanin gona. Yanzu wasa ne na duk shekara.

Na san za a ce wahala ce ke gina ɗan dambe, kuma magabata ba su ƙirga komai ba. Gaskiya ne sai da juriya. Amma waɗanda muke ambato su ne suka tsira. Wanda kafaɗarsa ta lalace yana ɗan shekara 13 ba makaɗin da ya taɓa kiran sunansa. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a ce a karya shi ba.

Roƙona ga iyayen gida, ko Kudu kuke ko Arewa ko Guramaɗa: ku ba yaro aƙalla kwana biyu a mako ba tare da dukan buhu ba, da wata biyu ko uku a shekara ya yi wani wasan, ko langa ko ƙwallo. Idan ya ce kafaɗa, ranar an gama.

Ku kuma iyaye, ciwon da ke tashi duk lokacin da yaro ya wurga hannu, ko ya wuce mako biyu, ba na man zafi da ƙwayar kemis ba ne. Ƙwaya tana rufe ciwon ne, yaro ya koma ya ƙara ɓata wurin. Mai ɗori ma ba abin da zai ɗora, matsa kuwa sai ta ƙara. Ga Asibitin Koyarwa na ABU a Shika, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akan ɗauki hoton kafaɗun biyu a kwatanta, kuma idan an gano da wuri maganin galibi hutu ne na kamar wata uku da gashin ƙashi, ba tiyata ba.

Hukumomin wasanni na jiha su ma su rubuta ƙa'idar shekaru ga yaran da ake sakawa su share fage kafin manya su fito. Wata uku na hutu ya fi hannun da zai riƙa damun mutum har tsufa.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.