Waiwaye: Bashin da Kunya Ta Ciyo

A watan Fabrairun 2023 mutum na iya kwana da yunwa alhali kuɗinsa na ajiye a banki. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka kwashe tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. Tun asuba ake layi a bakin banki, masu POS na yankar rabonsu. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi.

A makonnin nan littafin mai kanti ne ya riƙe gidaje da yawa. "Malam, rubuta mini kwano biyu, sai abu ya warware." Ya san gidanka, ya san mahaifinka, ya rubuta.

Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na hatsi suka bi sahu. Jarin mai kantin ma ya fara girgiza. A nan ne magidanta da dama suka juya ga manhajojin ba da rance ta waya, kuma abin da ya kai su ba ya wuce kunya. Mutumin da ya saba bayarwa, bakinsa kan yi nauyi ya ce wa ƙaninsa "ba ni da shi". Waya kuwa ba ta da idon da za a ji nauyinsa. Cikin dare, iyali na barci, sai ya danna, kuɗi su shigo.

Sharaɗin ne ba a karantawa. Wa'adi mako ɗaya ko biyu, ruwa mai nauyi a kai, ga izinin leƙa duk lambobin da ke wayar. Ranar da biya ya yi jinkiri, saƙo ya isa ga suruki da limamin unguwa da shugaban wurin aiki, ana kiran bawan Allah ɓarawo. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an san wannan ta'asa tun kafin lokacin. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin ba da rance ta waya a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista, a 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. Labarin bai isa kunnen mai neman kuɗin awo ba, ya je neman rufin asiri inda ake tona shi.

Waɗanda na ga sun fita da mutuncinsu su ne waɗanda suka yi magana da wuri. Sun je wurin mai gidan haya tun kafin wata ya ƙare, suka ce, "Alhaji, ba zan iya cikawa ba wannan karon, ga abin da ya samu, saura a raba mini." Mai bin bashi kan yi haƙuri da wanda ya zo da ƙafarsa fiye da wanda ya kashe waya. Mata sun roƙi uwar adashi ta matso musu da kwasarsu gaba. Wasu sun zauna da biro suka jera duk abin da ake bin su, suka sa abinci da magani da haya a gaba, suka ƙi cin sabon bashi don toshe tsoho. Rubuta bashi ma umarni ne: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka, ta 280 kuma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Akwai haƙƙin da mutane ke mantawa. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukuni takwas da aka ware wa zakka. Jihohi irin su Kano da Sakkwato na da hukumomin zakka, kuma zuwa can karɓar rabo ne da Allah ya yanka, babu abin sunkuyar da kai a ciki.

Tallafin gwamnati kuwa a nema, amma kada a ɗora tukunya dominsa. A watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, a Janairun 2024 aka dakatar da shi don bincike, aka bar mutane da yawa suna jira. 'Yan damfara sun ci kasuwa a wannan jiran. Shiga rajistar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ne. Duk wanda ya kira ka ya nemi kuɗin fom, ko lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka ta waya, ka katse kiran, ka je reshen bankinka da kanka.