Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Ko ɗaliban jami'a na da rawar takawa wajen sake tsara garuruwa?

A daren Juma'a, 11 ga watan Disamba na 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara a jihar Katsina, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Bayan kwana shida aka sako yara 344.

Tun daga lokacin, muhawara a kan kudancin Katsina ta fi karkata ga yawan jami'an tsaro da makamai da batun sulhu. Sai dai akwai tambayoyin da ba a cika yi ba: wa ke yanke shawarar inda za a gina makaranta, da inda ƙofarta za ta fuskanta? Ta ina shanu za su bi zuwa mashaya ba tare da sun shiga gona ba? Ina ruwan damina zai nufa idan ya fito daga kasuwa?

Waɗannan su ne tambayoyin da fannin tsara filaye da muhalli ke ƙoƙarin amsawa. Masanin wannan fanni ya bambanta da mai zanen gini, domin aikinsa ya shafi abin da ke kewaye da ginin: hanyoyi da magudanan ruwa da bishiyoyi da filayen taruwar jama'a. A Najeriya fannin bai yaɗu ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas na cikin ƙalilan da ke koyar da shi.

Darasi daga Amurka da Kenya

A wasu ƙasashe, jami'o'i kan tura irin waɗannan ɗalibai su yi wa al'umma aiki a matsayin wani ɓangare na karatunsu, a kuma ba su maki a kai.

A 1993 Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama a Amurka ta kafa shirin Rural Studio, ƙarƙashin malamai biyu, Samuel Mockbee da D.K. Ruth. Ɗaliban zanen gine-gine kan tare a ɗaya daga cikin yankuna mafi talauci a jihar, su tsara gidaje da wuraren shaƙatawa da ɗakunan taro, sannan su gina su da hannunsu.

A 2006 kuma wasu ɗaliban Jami'ar Harvard suka kafa ƙungiyar Kounkuey Design Initiative, wadda ta fara aiki a Kibera, unguwar marasa galihu da ke birnin Nairobi. Tare da mazauna unguwar, sun mayar da jujin shara na bakin rafi zuwa filayen wasan yara da banɗakuna da rumfunan sana'a, suka kuma ƙarfafa gaɓar rafin saboda ambaliya.

Abin da ya haɗa shirye-shiryen biyu shi ne daɗewa a wuri guda. Ɗalibai na zuwa suna tafiya, amma aikin na nan shekara da shekaru a hannun mutanen da suka san juna.

Fitar da ilimin jami'a zuwa karkara ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool a Ingila sun yi dogon bincike kan cututtuka a Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara.

Inda buƙatar take

Ƙanƙara da Faskari na iyaka da jihar Zamfara, Sabuwa kuma na maƙwabtaka da Birnin Gwari a jihar Kaduna. Yanki ne na noman masara da dawa da auduga, kuma yana cikin wuraren da hare-hare suka fi tagayyarawa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan ukun, kafin a maido da su daga baya.

Buƙata ta farko ita ce makarantu. A watan Disamba na 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da tsaro a makarantu na naira biliyan 144.8, daga 2023 zuwa 2026. Katanga ita ce abin da aka fi ambata, amma katanga kaɗai ba ta wadatar. Nisan ɗakunan kwana daga gari, da hanyar da ɗauki zai biyo, da ƙofar da yara za su fice idan an shigo ta gaba, duk abubuwa ne da ake warwarewa a kan takarda kafin a sa bulo.

Ta biyu ita ce burtali da mashaya. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe filaye ga makiyaya, amma gonaki da gidaje sun cinye da yawa daga cikin labuka. Masu nazarin rikicin na ambaton wannan a cikin tushen saɓanin manoma da makiyaya. Taswirar da dattawan ɓangarorin biyu suka zauna suka zana tare na iya zama abin dogaro ga hakimi a lokacin shari'ar ɓarna.

Ta uku ita ce bishiyoyi da zaizayar ƙasa. A nan ma akwai kuɗi, domin a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Cikas

Babbar matsala ita ce tsaron ɗaliban kansu. A watan Oktoba na 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma daga masaukinsu. A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Faskari da Sabuwa, amma ra'ayoyi sun sha bamban kan ɗorewarsa. Da wuya shugaban wata jami'a ya sa hannu a kai aji guda ƙauyen da ke bakin daji.

Akwai kuma matsalar lokaci. Zangon karatu bai wuce 'yan watanni ba, ita kuwa bishiya sai ta tsallake rani biyu ko uku ana ba ta ruwa ana kare ta daga awaki. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya nuna yadda jadawalin karatu ke iya rushewa.

Sannan zanen ɗalibi ba shi da ƙarfin doka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ƙananan hukumomi kuma ke ba da izini a karkara, yayin da hakimai da dagatai suka fi kowa sanin iyakoki. Idan ba a shigar da su tun farko ba, zanen zai ƙare a ɗakin karatu, mutanen gari kuma su ga an ɓata musu lokaci.

Abin da zai yiwu

Darasin da ya fi kusa yana ƙetaren iyaka, a Maraɗi. Tun 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya ƙarfafa wa manoma gwiwar barin kututturan gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gonakinsu. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ta yi nasara ne saboda ba ta da tsada, kuma manomi ya ga amfaninta a rumbunsa.

Hakan na nuni da cewa aikin da zai karɓu a kudancin Katsina shi ne ƙarami mai arha, wanda gari zai iya riƙewa da kansa. Ana iya farawa daga Funtua ko Malumfashi, inda shugabannin makarantu da wakilan manoma da makiyaya za su iya zuwa su zauna da ɗalibai a kan hotunan tauraron ɗan'adam. Ɗalibai 'yan asalin yankin, waɗanda suka san hanya suka san mutane, su ne za su fi dacewa da aikin awo.

Zane ba zai hana ɗan bindiga shigowa gari ba, kuma ba zai maye gurbin aikin gwamnati ba. Amma kuɗin makarantu da na farfaɗo da ƙasa za a kashe su ko da tsari ko babu. Abin da ya rage shi ne ko jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsinma za su nemi a dama da su, da kuma ko mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa za su ga zanen kafin ɗan kwangila ya iso.